Hayaƙin Ramin Gawayi da Abin da Yake Tafiya da Shi

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Koko ta ratsa Mahuta ta sauka Dabai a watannin rani, bayan an gama girbin dawa, ƙasa ta bushe, hazon hunturu ya lulluɓe duwatsun ƙasar Zuru, ba zai rasa ganin abu biyu ba: buhunan gawayi jere a bakin titi, an cika su har sun yi tozo an ɗaure bakinsu da igiya, da kuma wani siririn hayaƙi da ke tashi can cikin daji, wanda ba na gobara ba ne, ba kuma na maharba ba. Akasarin matafiya buhunan suke kallo, domin su ne abin ciniki. Ni kuwa hayaƙin ne ya daɗe yana damuna, saboda na tabbata a raina cewa dukiyar da ke tashi sama a cikinsa ta fi wadda ake ɗurawa a buhu, kuma wannan hasara tana da sababi sananne wanda masu ilmi suka riga suka auna, sai dai abin da suka auna bai taɓa isowa bakin ramin da ake yin hasarar ba.

Na san akwai mutanen kirki, masu kishin ƙasa, waɗanda da zarar an ambaci gawayi ba su da wata magana sai a hana, a kama, a ci tara, kuma ba na zarginsu da mugun nufi, domin wanda ya san dajin ƙasar nan shekaru talatin da suka wuce, ya kuma dube shi yau, dole zuciyarsa ta ƙuna. Amma hani ba ya dafa tuwo. Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, kuɗin sufuri da na kowane irin makamashi ya yi tashin da ya mayar da gidaje masu yawa kan murhu da kurfoti. Ga mai shayi, ga mai tsire, ga mai guga, ga mai gasa masara a bakin tasha, ga maƙeri da zugazuginsa, kowannensu abincin iyalinsa a kan garwashi yake. Ƙididdigar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana sa Nijeriya cikin ƙasashen da suka fi kowa yin gawayi a duniya, tare da Brazil da Habasha, da abin da ya haura tan miliyan 4 a shekara. Sana'ar da ta kai wannan girma ba a kashe ta da takardar umarni. Abin da mai hankali zai tambaya shi ne, itatuwa nawa ake kayarwa kafin buhu ɗaya ya cika, kuma ko za a iya cika shi da rabin wannan adadin.

Na taɓa yini da kwana a wurin wani dattijo mai wannan sana'a a bayan garin Dabai, mutumin da bai taɓa zama a aji ba, ga hannuwansa sun yi kanta sun rine har tsagun tafinsa sun zama baƙaƙen layuka. Na ga yadda ya jera manyan gumagumai a ƙasa, ya cike tsakaninsu da ƙananan rassa don kada a bar wa iska wurin zama, ya lulluɓe tulin da ɗanyen ganye da ciyawa, sa'an nan shi da 'ya'yansa biyu suka yi ta zuba ƙasa da shebur har itacen ya ɓace ƙurmus, sai 'yan kafofi da ya bari a gindi. Da ya cinna wuta ta ƙofa guda, ya ga ta kama, ya toshe ƙofar, sai wani farin hayaƙi mai kauri ya fara tuɗaɗowa ta kafofin, yana bin ƙasa kamar hazo. Na ce masa, "Baba, ashe har ya fara zama gawayi?" Ya girgiza kai ya ce, "A'a, Malam, wannan gumi ne kawai itacen ke yi." Da dare ya raba, hayaƙin ya sauya ya koma ruwan ɗorawa, mai yaji a ido da ɗaci a maƙogwaro, sai na ga dattijon ya bar tabarmarsa yana kewaya tulin da fitila, duk inda ƙasa ta tsage ko ta lotsa ya ɗebo wata ya danne da bayan shebur; ya gaya mini cewa a wannan lokaci ne mai barci yake tashi ya tarar da toka. Alamar da yake jira ta ƙarshe ita ce hayaƙi ya tsinke ya zama shuɗi, siriri, ana ganin abin da ke bayansa, a nan zai toshe kowace kafa ya bar tulin ya huce.

To, wannan abin da dattijon yake karantawa a launin hayaƙi, shi ne ainihin abin da masana kimiyyar haɗa sinadarai suke kira pairolisis, kalmar da aka ƙera daga lafuzza biyu na Girkanci masu ma'anar wuta da warwarewa, wato rushewar jikin tsiro da zafi alhali an hana shi iskar da za ta cinye shi. Bincikensu ya tabbatar da cewa itace, duk da muna ganinsa abu ɗaya, gini ne na abubuwa uku. Akwai selulos, wanda shi ne zaren itace, irin farin zaren da ke cikin auduga, yana kai kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na busasshen itace; akwai hemiselulos, ɗan'uwansa mai rauni da ke cike tsakanin zaruruwan; akwai kuma lignin, wanda yake kamar ƙaro ko makuba da ta riƙe ginin ta ba shi tauri. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana da haddin zafin da yake sallamawa a kansa. Ruwa shi ne farkon fita, tun daga wajen digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, kuma shi ne farin hayaƙin da Baba ya kira gumi. Hemiselulos yana rushewa tsakanin kamar digiri 220 zuwa 315. Selulos yana dakewa har sai an haye nan, sa'an nan ya rushe kusan gaba ɗaya cikin ɗan taƙaitaccen tsakani, daga wajen 315 zuwa 400, mafi yawansa ya tashi tururi ya bar ɗan kaɗan. Lignin kuwa mai haƙuri ne, yana fara sakin jiki tun kafin digiri 200, yana ci gaba a hankali har can wajen 900, kuma shi ne ya fi barin gawayi a bayansa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa itace mai tauri da nauyi yake ba da gawayin da ke ƙara kamar ƙarfe in an buga shi, yana kuma daɗewa a murhu.

Akwai wata gaɓa a cikin wannan tafiya da ta cancanci a tsaya a kanta, domin a nan ne rabo da hasara suke rabuwa. Kafin zafin tulin ya kai wajen digiri 280, itacen karɓar zafi yake yi daga waje, watau sai an ƙona wani sashe nasa an ciyar da sauran. Amma da zarar an kai wannan haddi, rushewar da kanta takan fara haifar da zafi, tulin ya shiga dafa kansa da kansa, yana fitar da kwalta da ruwan tsami da iskoki masu kama wuta. Idan a wannan sa'a ƙasar da aka rufa ta tsage, iska ta sami hanya, sai abin da ake so ya gasu ya koma ci da harshe, gawayin da ya riga ya nuna ya zama toka. Tashin tsakar daren da na ga dattijon yana yi, da fitilarsa da sheburinsa, tsaron wannan gaɓa ne, ko da yake bai san lambarta ba.

Amma sanin haddin zafi rabin ilmin ne. Sauran rabin, wanda a ganina ya fi zurfi ya kuma fi amfani, shi ne sanin saurin da abin yake faruwa. A shekarar 1889 wani malami ɗan ƙasar Suwidin mai suna Svante Arrhenius ya bayyana ƙa'idar da har yau ake dogara da ita, cewa kowane sauyi na sinadarai yana da wani dokin ƙofa da tilas a tsallake kafin ya auku, kuma yawan abin da ke iya tsallakewa ba ya ƙaruwa daidai da ƙaruwar zafi, ninkawa yake yi. Ga selulos, a daidai zafin da yake rushewa, ƙarin digiri 10 kacal yana kusan ninka saurin rushewar sau biyu, ƙarin 20 ya kusan ninka shi sau huɗu, haka har abin ya kuɓuce wa mai tsaro. Yadda ake gane wannan a ɗakin bincike abin sha'awa ne ga duk mai son tahƙiƙi: akan ɗauki garin itace ɗan kaɗan, wanda bai kai nauyin ƙwayar dawa ba, a sa a wani mizani mai tsananin laushi da ke cikin 'yar tanda, a kore iskar da muke shaƙa a maye gurbinta da naitirojin wadda ba ta ciyar da wuta, sa'an nan a riƙa ƙara zafi da ƙa'ida, misali digiri 10 a kowane minti, mizanin yana rubuta raguwar nauyi daƙiƙa bayan daƙiƙa. In aka maimaita gwajin da sauri daban-daban, aka gwama sakamakon bisa hanyoyin lissafi irin waɗanda Kissinger ya tsara a shekarun 1950 da Ozawa a 1965, sai a fitar da tsayin dokin ƙofar na wannan itace ko wannan kara. Abin da gwaje-gwajen nan da makamantansu suka haɗu a kai shi ne cewa zafi mai hawa a hankali, a kan manyan gumagumai, inda tururin yake daɗewa a cikin tulin yana sake daskarewa a jikin itacen, shi ke ba da gawayi mai yawa. Zafi mai hawa da gaggawa kuwa yana kora abin da ke cikin itacen ya fita tururi, har ma a ƙasashen da ake neman mai, ba gawayi ba, da gangan ake watsa garin itace cikin zafin wajen digiri 500 na 'yan daƙiƙoƙi, a sami kusan kashi 70 cikin 100 ya koma wani baƙin mai.

Yanzu sai mu zo ga lissafin da ya sa na ɗauki alƙalami. Tulin ƙasa irin wanda ake yi a dazuzzukanmu, a mafi yawan lokaci, yana mayar da kilo 100 na itace ya zama kilo 10 zuwa 15 na gawayi, alhali busasshen itace, in an gasa shi da kula, yana iya ba da abin da ya kusa sulusin nauyinsa. Ina sauran ya tafi? Wani sashe ya ƙone wajen korar ruwa, domin sabon yankan itace sau da yawa kusan rabin nauyinsa ruwa ne, kuma mai gaggawar kai kaya kasuwa ba ya jiran ya bushe. Wani sashe ya zama toka a inda iska ta kutsa. Wani kuma ya fito bai nuna ba, baƙi a waje ja a ciki, wanda uwargida za ta saya ya cika mata ɗaki da hayaƙi. A yankin Kasamans na ƙasar Sanigal an daɗe da gyara wannan tulin ƙasa ɗin, ba tare da an kawo wata na'ura daga Turai ba: ana shimfiɗa gindinsa yadda zafi zai kewaya ko'ina daidai, a kafa masa bututun hayaƙi a gefe wanda aka ƙera da tsofaffin durom da aka haɗa baki da baki, kuma a hannun wanda ya ƙware yana ba da kashi 20 cikin 100 ko fiye. Ma'anar wannan a harshen daji ita ce, buhun da yau yake cin bishiya biyu, gobe yana iya cin ɗaya da 'yan rassa.

Malamanmu sun karantar da mu cewa israfi abin hani ne ko da a ruwan alwala ne a bakin kogi, kuma Alƙur'ani mai girma, a ƙarshen Suratu Yasin, ya ja hankalin ɗan Adam ga wutar da ke fitowa daga koren itace a matsayin aya abin lura. Maƙwabtanmu Kiristoci da masu bin al'adar kakanni a ƙasar Zuru, su ma ba su da saɓani da mu a kan cewa ƙasa amana ce a hannun mai rai domin wanda ba a haifa ba. Idan haka ne, to wanda ya kayar da bishiyar da ta shekara hamsin tana girma, ya ƙona fiye da rabin amfaninta a banza saboda ba a nuna masa wata hanya ba, nauyin israfin bai tsaya a wuyansa shi kaɗai ba, ya haɗa da waɗanda Allah ya ba su sanin hanyar suka bar shi a cikin littafi. Hayaƙin nan mai ruwan ɗorawa ma ba shara ba ne. A cikinsa akwai kwalta da ruwan tsami, waɗanda in an sanyaya su a cikin bututu sukan taru a kasko, kuma kafin zamanin man fetur daga nan Turawa suke samun wasu sinadaran masana'antunsu. Fasahar tatsar ruwa daga tururi kuwa, tsofaffin hukama'u na Musulunci irin su Jabir ɗan Hayyan da Arrazi suna cikin waɗanda suka raine ta. Ko tawadar da almajiri ke rubuta allonsa da ita, in an bi asalinta, gawayi ne da ƙaro.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne irin itatuwan da gatari ya koma kansu. Tun kaka da kakanni maƙera sun san fifikon gawayin ƙirya, wanda ke riƙe wuta har ƙarfe ya yi ja, ga kuma marke da makamantansa. Amma da waɗannan suka yi ƙaranci a kusa, sai hannu ya kai ga kaɗanya da ɗorawa, waɗanda manomin ƙasar nan yake share gona ya bar su tsaye saboda ya san darajarsu. Kaɗanya takan kai shekara goma sha biyar kafin ta fara 'ya'ya sosai, tana kuma iya ciyar da zuriya bayan zuriya. Daga gare ta mata ke samun man kaɗe, daga ɗorawa suke samun kalwar daddawa, kuma kuɗin nan su ne na sabulu da maganin yaro da littafin makaranta. Mai sayar da gawayin kaɗanya a buhu ya karɓi kuɗin mako guda ya yanke wa matan gidansu abin shekara da shekaru. A kan waɗannan itatuwa biyu kam ina tare da masu cewa a hana, kuma ina ganin maganar hakimai da dagatai za ta fi tasiri a nan fiye da ta kowane ma'aikacin gandun daji.

Ga kuma wata taska da muke takawa muna wucewa. Jihar Kebbi ta yi suna da shinkafa, musamman tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, kuma duk inda injin casa yake, a Argungu ko Birnin Kebbi ko ƙananan garuruwa, akwai tsibin ɓuntu a bayansa. A ƙasar Zuru kuma ga karan dawa, ga totuwar masara, ga ɓawon gyaɗa. Duk waɗannan selulos ne da hemiselulos da lignin, kamar itace, ana iya gasa su a cikin durom mai murfi, a daka, a kwaɓa da kokon rogo, a dunƙula, a shanya, su zama gawayin girki. Sai dai a nan ne ake bukatar mizanin da na ambata, domin ba ɗabi'arsu ɗaya ba. Ɓuntun shinkafa kusan kashi 20 cikin 100 nasa toka ce mai yashi, saboda haka gawayinsa bai kai na itace zafi ba, ya fi dacewa a mayar da shi gona ya taimaki ƙasa riƙe danshi, kamar baƙar ƙasar nan mai albarka da mutanen dauri suka bari a dajin Amazon na Brazil. Kara kuwa yana da gishirin fotashiyam mai yawa, wato ainihin abin da iyayenmu mata ke tacewa in suna yin ruwan toka na miya da sabulu, kuma an tabbatar cewa wannan gishiri yana sa tsiro ya fara rushewa da wuri, ya kuma bar gawayi fiye da yadda zai bari in babu shi. Ba na cewa a kwashe karan gona duka a gasa, domin dabbobi na ci, ana danga da shi, ƙasa ma tana da haƙƙinta a ciki. Maganata a kan rarar da ake cinna wa wuta a fili ce kafin damina.

Saboda haka nake fuskantar da roƙona ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, wadda aka ɗaga daga matsayin kwaleji a 2020, da Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero. Yawancin lambobin da ke cikin littattafan wannan fanni an same su ne daga itatuwan ƙasashen sanyi. Muna bukatar a ɗora ƙirya da marke da karan dawarmu a kan mizani, a san haddin kowannensu da saurinsa, sa'an nan, wanda shi ne muhimmi, a juya sakamakon zuwa maganar da mai shebur zai yi aiki da ita, da Hausa da C'lela: kwana nawa za a shanya wannan itace, kafa nawa za a bari, yaushe za a toshe ta farko. Ɗalibin da ya rubuta kundinsa a kan haka ya kamata a ce sai ya kwana a bakin rami kafin a sa masa hannu, domin akwai abin da dattijon nan ya sani game da iskar asuba da laushin ƙasar rufi wanda mizani ba ya nunawa.

Kuma ba na tsammanin lacca za ta sauya hannun mai sana'a, domin mutumin da abincin gidansa ya rataya a kan tuli guda ba zai yi caca da shi a kan maganar baƙo ba. Abin da zai gamsar da shi gani ne. A zaɓi fili a kusa da Dabai, a lokacin da jama'a ke taruwa, ko da a makon bikin Uhola ne da 'yan ƙasar ke dawowa gida daga ko'ina. A auna itace iri ɗaya, nauyi ɗaya, a gaban kowa. A ba masu gawayi su gina tuli ɗaya yadda suka saba da ɗanyen yanka, su gina na biyu da hannunsu da itacen da ya sha rana wata guda, da bututun durom a gefensa, hukuma ta ɗauki kuɗin itacen da na maƙerin da zai haɗa durom ɗin. In tulin biyu sun huce a buɗe su rana ɗaya, a ɗura a buhu, a kira wanda ya fi kowa tsufa a sana'ar ya ƙirga da bakinsa.